Yadda na samu shiga ɓangaren gandirobobi a Jailbreak na Counter-Strike 2

Da yawa daga cikin 'yan uwa masu buga wasan harbin nan na kwamfuta, Counter-Strike 2, sun ji labarin Jailbreak, wato salon wasan gidan yari tsakanin fursunoni da gandirobobi. Wasu ma sun leƙa sau ɗaya, aka harbe su ba su san laifin da suka yi ba, suka fita ba su sake waiwaya ba. Wasu kuma sun nemi shiga ɓangaren gandirobobi wasan ya ƙi karɓarsu, suka ɗauka wariya ce ake nuna musu. Na bi wannan hanyar tun daga buɗe asusu har zuwa ranar da aka ba ni damar jan ragamar gidan yarin, har da wata dakatarwa da na sha a tsakiya, shi ya sa na ga ya dace in jero abin da na tarar a kowane mataki, don mai zuwa a baya ya huta da ruɗanin da na sha.

Abin da ya kamata mutum ya fara sani shi ne, ba kamfanin Valve mai Counter-Strike ne ya ƙirƙiro Jailbreak ba, kuma ba ya cikin jerin wasannin da ake danna maɓalli a haɗa mutum da abokan karawa. 'Yan wasa ne suka ƙirƙire shi, su ne suke biyan kuɗin sabar, wato kwamfutar da ake haɗuwa a kanta ta intanet a yi wasan, su ne suke rubuta dokoki. Wannan ba baƙon abu ba ne a gidan, domin shi kansa Counter-Strike a 1999 mutum biyu ne, Minh Le da Jess Cliffe, suka gina shi a kan wasan Half-Life kafin Valve ta ɗauke su aiki. Jailbreak ya biyo zubi-zubin wasan tun zamanin Counter-Strike 1.6, ya ratsa Source, ya ratsa Global Offensive da ya fito a 2012, ya iso Counter-Strike 2 da ya maye gurbinsa a ranar 27 ga Satumba 2023. Akwai irinsa a wasannin Team Fortress 2 da Garry's Mod. Tsarinsa kuwa shi ne: ɓangaren da a wasan yau da kullum ake kira 'yan ta'adda su ne fursunoni, suna fara kowane zagaye a kulle cikin ɗakuna ba bindiga a hannu, ɗaya ɓangaren su ne gandirobobi, su kaɗan ne amma makamai na hannunsu, a cikinsu mutum ɗaya yake zama shugaba, shi yake ba da umarni da bakinsa. Wanda ya saɓa umarni an halatta harbinsa. Wanda ya bi umarni kuwa taɓa shi laifi ne babba.

Matakin farko shi ne Steam, manhajar Valve da ake sauke wasan ta cikinta. Buɗe asusu kyauta ne, wasan ma kyauta ne tun Disamba 2018 da aka cire wa Global Offensive farashi. Inda kuɗi ke tafiya shi ne data. Shafin wasan ya nemi a tanadi fili na GB 85 a kwamfuta da RAM na GB 8, kuma duk da abin da ake saukewa bai kai hakan ba, yana da nauyin da zai cinye datar wata guda ta mai amfani da waya. Ni da tsarin datar dare na sauke shi, kaɗan kaɗan, ina dakatarwa idan gari ya waye. Steam na ci gaba daga inda ya tsaya ko da an ɗauke wuta, don haka kada hankalin mutum ya tashi idan kwamfuta ta mutu a tsakiya. Abu biyu na kuɗi sun ɗaure mini kai a lokacin. Na farko, sabon asusu yana zama mai iyaka har sai an kashe dala 5 a cikinsa, kuma mai irin wannan asusun ba ya iya aika goron gayyatar abota, sai dai wani ya aiko masa. Na biyu, akwai wani matsayi na musamman da ake saye, mai suna Prime, na dala 14.99, da ake ta tallarsa a cikin wasan. Na kusa biya da zaton dole ne, sai na tambaya aka ce mini sabar da nake nufi ba ta buƙatarsa. Kowace sabar da sharaɗinta, a tambaya kafin a cire kuɗi. Dala biyar ɗin na biya daga baya da katin kyauta na Steam, domin katina na naira ya ƙi wucewa a lokacin.

Bayan wasan ya sauka sai neman inda ake buga Jailbreak ɗin, kuma a nan na fi ɓata lokaci, domin na yi ta zagaya menu ina neman sunansa babu shi. Wurin yana ɓoye a wani ɗan maɓalli mai hoton duniya a shafin zaɓen wasa. Idan an danna shi, taga ce ta Steam za ta buɗe da jerin sabar da jama'a suke gudanarwa, dubbai. A gurbin tacewa na taswira, wato filin da ake buga wasan a cikinsa, ake rubuta jb_ ko ba_jail, domin da haka sunayen taswirorin gidan yari suke farawa. Daga nan abu uku ake dubawa: yawan mutanen da ke ciki, harshen da aka rubuta sunan sabar da shi, da kuma lambar jinkiri da ke gefe, wadda 'yan wasa suke kira ping. Daga Kano, duk sabar Turai da na gwada lambarta ta haura 100, ta Amurka kuwa ta wuce nan nesa. A wasan gasa wannan jinkirin matsala ce, amma a Jailbreak ana iya zama da shi, sai dai yana da wata illa da zan zo kanta a gaba. Harshe ma abin lura ne. Akwai sabar Turkawa, ta Faransawa, ta Jamusawa, ta mutanen Poland da ta Rashawa, kuma tunda duk wasan a kan jin magana yake, shiga inda ba ka jin yaren ɓata lokaci ne. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci suna da zaɓin da mu ba mu da shi. Ni na zauna a wata mai Turanci da ke Jamus. Lokacin sanyinsu agogonmu ɗaya ne, lokacin zafinsu suna gabanmu da awa guda, don haka cikar sabar tana faɗowa daidai bayan sallar isha'i. Da rana kuwa sai ka tarar da mutum uku suna ta tsalle-tsalle babu wasan kirki. Idan wani ya ba ka adireshin sabar kai tsaye, sai ka kunna allon umarni a saituna, ka rubuta connect ka bi shi da adireshin.

Shigar farko tana da jira. Taswirorin ba sa cikin wasan, daga Steam Workshop, rumbun da 'yan wasa suke ɗora abin da suka ƙirƙira, ake sauke su a daidai lokacin da mutum yake ƙoƙarin shiga, kuma a kan intanet irin namu sai allon ya tsaya kamar ya daskare. Na ɗauka kwamfutar ce ta gaza, ashe saukewa take yi. Wani lokacin kafin ta gama an canja taswira, sai a sake sabon lale. Maganin da na samu daga baya shi ne in nemi jerin taswirorin da sabar take juyawa, in yi musu rajista a Workshop su sauka da dare, washegari in shiga ba jira.

Da na shiga, ban zaɓi komai ba aka jefa ni cikin fursunoni. Na buɗe ido a wani ƙaramin ɗaki mai gado da masai da ƙofar ƙarfe, ni da wani, wuƙa ce kawai a hannuna. Sai wata murya ta fara magana da sauri: idan ƙofofi sun buɗe, kowa ya fito ya tsaya a kan jan layin da ke gaban ɗakuna, ya fuskanci ɗakinsa, kada ya motsa. Ya maimaita, sannan ƙofofin suka buɗe. Wani a gefena ya yi tsalle ɗaya, aka ɗauke shi nan take. Ni na tsaya cak zuciyata na bugawa, abin da ban taɓa ji ba a wasan harbi, domin a nan babu abin da zan yi in kare kaina sai saurare. Daga nan aka kora mu filin ƙwallo da ke cikin taswirar, aka raba mu gida biyu, waɗanda aka ci aka harbe su. Sauran aka yi musu wasan da ba a bin umarni sai an fara shi da sunan Simon, kamar dai yadda malamin motsa jiki yake gwada hankalin 'yan firamare a filin makaranta. A wannan na faɗi, na koma ɗan kallo. Matattu ba a jin muryarsu a wurin masu rai, kuma wannan zaman kallon ya zama makarantata, domin daga nan nake bin shugaban ina ganin yadda yake tsara mutane.

Na daɗe a matsayin fursuna kafin in gane cewa fursuna yana da hanya biyu, kuma duk halal ne a dokar wasan. Ko dai ya bi umarni ya yi ta tsallake wasanni har ya zama cikin na ƙarshe, ko ya yi tawaye: ya sulale ta bututun iska, ya nemo bindigar da masu zana taswira suka ɓoye, ya kai hari ɗakin makamai, ko ya daɓa wa gandiroban da ya yi sakaci ya juya baya wuƙa. Ɗan tawaye ba a kore shi daga sabar, jininsa ne kawai ya halatta a wannan zagayen. Wanda ya kai ƙarshe kuwa yana rubuta !lr a wurin hira, jerin zaɓi ya buɗe masa na buƙatar ƙarshe: faɗan wuƙa da gandiroban da ya zaɓa, harbi ɗaya ɗaya da bindigar Deagle, gasar jefa bindiga a ga wa ya fi nisa, da makamantansu. Ranar da na fara kai wa nan hannuna rawa yake yi, na zaɓi jefa bindiga na yi nasara a kan ɗaya, na biyu ya cinye ni. Na kwana da daɗin abin.

Sai na yi sha'awar ɗaya ɓangaren. Na danna canja ƙungiya, wasan ya mayar da ni, wani rubutu ya fito cewa ba ni da izini. Na rubuta !guard kamar yadda na ga wasu suna yi, amsar ɗaya ce. Wani tsohon ɗan wasa ne ya ga ina ta fama ya rubuto mini cewa in je zaurensu na Discord, manhajar hira da rubutu da murya. A can ofishin yake. Duk wata takarda, koke, hukunci da sanarwa a Discord ake yin su. Abin da aka fara nema shi ne in haɗa asusuna na Steam da na Discord, wato in ba da lambar shaidata ta Steam mai lamba 17 da ke farawa da 7656. Ana samunta a shafin bayanan asusu, ƙarƙashin sunan mutum. Kalmar sirri kuwa ba wanda zai tambaya. Duk wanda ya aiko saƙo a ɓoye yana cewa shi jami'in sabar ne a ba shi kalmar sirri ko a danna wani mahaɗi, ɓarawo ne, kuma suna da yawa a wannan harkar.

Daga nan aka nuna mini dokoki, masu tsawo ƙwarai, aka ce sai na cika awa 10 a ɓangaren fursunoni kafin in nemi gwaji. Wannan adadin nasu ne, wasu sabar ba sa neman komai sai makirifo, wasu sun fi haka tsanani. Dokokin fursuna ba su da yawa. Kusan duk rubutun a kan gandiroba yake, kuma da na karanta na fahimci dalili: mai bindiga ne yake iya ɓata wa mutum talatin wasa cikin daƙiƙa guda. Ba a kashe fursunan da bai yi laifi ba. Ba a jefa wa fursuna bindiga, ko don a taimake shi ya yi tawaye, ko don a sami hujjar harbe shi. Ba a zama a ɗakin makamai bayan an buɗe ƙofofi. Ba a shiga bututun iska sai an ga ɗan tawaye ya shiga da ido. Ba a fifita aboki. Dole shugaba ya maimaita umarni idan an nema, kuma umarnin da ba zai yiwu a bi ba, ba umarni ba ne. Idan shugaba ya mutu, umarninsa ya mutu da shi har sai wani ya karɓa ya ba da sabo. Idan lokacin da aka ƙayyade ya wuce ba a buɗe ƙofofi ba, ranar ta zama ta hutu, kowa ya yi yawonsa. Na kwafe su a littafi da Hausa, ba don wani abu ba sai don abin da na rubuta da hannuna ya fi zama mini.

Cika awannin ya zo da nasa darasin. Na'urarsu ba ta ƙirga lokacin da mutum yake tsaye ba motsi, tana ma fitar da shi bayan ɗan lokaci. Idan lokacin salla ya yi ko an kira ka a gida, ka koma ɓangaren 'yan kallo ko ka fita gaba ɗaya. Barin mutum-mutuminka a cikin ɗaki yana jan zagaye, yana ɓata wa jama'a rai, kuma masu kula suna lura da sunan da ake yawan kuka da shi. Akwai umarnin da ake rubutawa a ga awannin da aka tara, yana cikin dokokin kowace sabar da take ƙirgawa.

Da awannin suka cika na buɗe takardar nema a Discord. Tambayoyin ba su da yawa: lambar Steam, shekaru, ko an taɓa dakatar da ni a wata sabar, da lokacin da nake samuwa don gwajin murya. Kafin ranar na sayi abin sauti na kunne mai haɗe da makirifo a kasuwar waya, mai sauƙin kuɗi, domin na jikin kwamfutar yana ɗauko ƙarar fanka da janaretan maƙwabta fiye da muryata. Ƙanena na sa ya shiga Discord da wayarsa daga tsakar gida ya saurare ni. Ya ce, "Yaya, ana jinka sarai, amma kana sauri, kuma in ka ce hagu da dama da Turanci sai ka haɗiye ƙarshen." Wannan gyaran ya fi mini makirifon amfani. Na kuma saita maɓallin magana a jikin linzami, inda babban yatsana yake kaiwa ba tare da na saki tafiya ba.

Jiran amsa ya ɗauki kwanaki, kuma a nan ne mutum yake fara zargi. Masu kula da sabar ba ma'aikata ba ne, 'yan makaranta ne da masu aikin yi, da yamma suke leƙowa. Ban matsa ba, na bar saƙo ɗaya na tuni cikin ladabi. Da aka kira ni ɗakin murya, mutum biyu na tarar, ɗaya yana tambaya ɗaya yana saurare. Ba su tambaye ni komai game da harbi ba. Suka ce in ba da umarnin fitowa daga ɗakuna kamar da gaske. Sannan suka shiga kawo misalai: fursuna ya tsinci bindiga bai ɗaga ta ba, me za ka yi? Na ce zan umarce shi ya jefar, in ƙirga masa, in bai jefar ba sannan. Abokinka gandiroba ya kashe wanda bai yi laifi ba a gabanka? Na ce zan faɗa a fili, a ba mamacin ranar hutu a zagaye na gaba, in kuma ya maimaita in kira mai kula. Ka ba da umarni muryarka ta yanke rabinsu ba su ji ba? Na ce laifin ba nasu ba ne, sai in maimaita, ba wanda za a taɓa. Mai sauraren ya yi magana a karon farko, ya ce karin harshena ba matsala ba ne muddin ina magana a hankali, akwai masu kari iri iri a cikinsu. Na ji sanyi a raina, domin wannan ne abin da na fi tsoro. Kafin in kwanta an saka mini izinin.

Izini ba ya nufin shiga nan take. Ana kiyaye ma'auni tsakanin ɓangarorin, a tamu gandiroba ɗaya ga fursuna uku, don haka !guard layi yake saka mutum, ya ci gaba da zaman fursuna har gurbi ya buɗe. Na ɗauki lokaci ina gandiroba na gama-gari ban nemi shugabanci ba, kuma ina ba kowa wannan shawarar. Aikin ba shi da hayaniya amma yana da nauyi: ka ɗauki bindiga ka fita daga ɗakin makamai da wuri, ka hau wuri mai tudu, ka bar tazara tsakaninka da fursunoni, kada ka yi magana a kan muryar shugaba, ka sa ido a kan na ƙarshen layi domin shi ne yake sulalewa. Yawancin gandirobobin da ake yankawa, kusantar jama'a ce take jawo musu.

Ranar da na rubuta !w na karɓi shugabanci, sabar ta cika. Na tsara abin da zan faɗa tun ina cikin layi, na rubuta a takarda na manna a gefen allo: inda za su tsaya, wasa na farko, wasa na biyu. Muryata ta ɗan girgiza a jimlar farko, sai na ga mutum sama da ashirin sun fito sun jeru inda na ce, sun juya inda na ce. Wani ya nemi in maimaita, na maimaita. Na kai su wurin hawan katanga, na ce biyar na ƙarshe sun faɗi, na ƙirga da ƙarfi don kowa ya ji. Ana cikin haka aka fara harbi daga bayan ɗakin magani, gandirobobi biyu suka faɗi. Na ce kowa ya durƙusa ya fuskanci bango, na tura ɗaya ya bi sawu, na tsaya da sauran. Muka kai ƙarshe da fursuna biyu, suka yi buƙatarsu ta ƙarshe, ɗaya ya zaɓe ni faɗan wuƙa ya kashe ni. A wurin hira wasu suka rubuta cewa zagayen ya yi kyau. Wannan yabon daga mutanen da ka gama ba umarni, shi ne ladan aikin, kuma ya fi mini duk wata nasara a wasan gasa.

Dakatarwar ta zo bayan haka, kuma ita ce illar jinkirin da na ambata. An ce kowa ya tsaya cak. A allona wani yana ta tafiya bayan umarnin, na harbe shi. A nasa allon ya riga ya tsaya. Intanet ɗina ne ya yi tsalle a wannan daƙiƙar, hoton ya iso mini a makare. Ya kai ƙara da ɗan bidiyonsa, kuma a bidiyon gaskiya yana tsaye. Washegari na rubuta !guard aka ce an dakatar da ni daga ɓangaren gandirobobi. Raina ya ɓaci sosai, na ji kamar duk awannin nan sun tafi a banza. Amma dakatarwar ba kora ba ce, ana ci gaba da wasa a fursuna, kuma akwai sashen ɗaukaka ƙara. Abin da ya cece ni shi ne tun ranar da na fara gandiroba nake ɗaukar wasana da OBS Studio, manhaja ce ta kyauta, ina gogewa idan dare ya wuce lafiya. Na yanko wurin, inda ake ganin mutumin yana tafiya kuma lambar jinkirina ta haura sama a kusurwar allo. Na rubuta abin da ya faru a taƙaice, da lokaci da sunan taswira, ban zagi mai ƙara ba, domin abin da ya gani shi ya faɗa. Wani mai kula daban da wanda ya yanke hukuncin ne ya duba, haka dokarsu ta tanada. Bayan jira aka ɗage dakatarwar, da sharaɗin idan layina yana rawa in sauka daga ɓangaren da kaina. Na ga adalcin sharaɗin, har yau ina binsa. Na kuma ƙara wa kaina wata ƙa'ida: bayan kowane umarnin tsayawa ina ba da numfashi guda kafin in ɗaga bindiga, abin da ɗan wasa daga Frankfurt ba ya buƙata amma ɗan Kano yake buƙata.

Idan na haɗa abin da na kashe, data ce ta ɗauki kaso mafi girma, sai abin sauti, sai dala biyar ɗin Steam wadda ba dole ba ce. Sabar tana sayar da matsayi na musamman mai ba da kaya masu launi da tsallake layi, amma izinin gandiroba ba na sayarwa ba ne, kuma duk inda aka ce a biya kafin a ba da shi, ni dai ba zan zauna a wurin ba. Wasan kansa ba ya cin data da yawa idan taswirori sun riga sun sauka. Sabuntawar da ake turowa lokaci lokaci ce take zuwa ba sallama, don haka a duba Steam da rana kafin a zauna wasan dare. Mai kwamfutar tebur kuma ya nemi abin riƙe wuta, domin shugaban da ya ɓace a tsakiyar zagaye ya bar mutum talatin a tsaye.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba. Wuri ne da baƙi suke magana da murya, kuma za a ci karo da marasa tarbiyya, masu kwaikwayon karin harshe da masu zagin launin fata ko addini. Na gamu da su. Ramuwa ba ta da amfani, tana ma iya jawo wa mai ramawa hukunci. A allon maki ana iya toshe muryar mutum ɗaya, sannan a kai ƙara da hujja. Yadda masu kula suka ɗauki irin wannan ƙarar shi yake nuna ko sabar ta cancanci zama. A tamu na ga an kori mutum a daren da aka kai ƙararsa. Wanda zai bar ƙaninsa ƙarami ya shiga kuwa, ya zauna kusa da shi a kwanakin farko ya ji abin da ake faɗa.

Wanda Turancinsa bai nuna sosai ba kada ya fasa. Kalmomin da shugaba yake juyawa ba su da yawa: fito, tsaya, durƙusa, juya, bi ni, jefar. Zaman fursuna na 'yan makonni ya isa mutum ya haddace su daga bakin wasu, da irin tsarin da ake jera su. Kafin a nemi gwaji, a sami wani a gida ya saurari umarnin ta waya ya faɗi inda bai ji ba, a karanta dokokin wannan sabar ba na wata ba, a kuma kunna ɗaukar bidiyo tun zagayen farko da za a riƙe bindiga.